Riɗi Ya Rasa Lanƙwasa

Kawu Mato ya ce in yi wa ƙungiya shafi,
ta manoman riɗi na nan Gagarawa,
'yan Dawanau su gani su yi tayi da kansu,
kada dillali ya ci gumin kowa.
Na bugi ƙirji na ce mako guda ya isa.

Na kife turmi a zaure, na ɗora kwamfuta,
batirin sola yana nishi a gefe.
Layi ɗari uku na zuba ban ɗaga kai ba,
na latsa, allo ya fito fari fat.
Har la'asar sakaliya ina tono,
ashe baka guda na buɗe ban rufe ba.
Ƙofar garke ɗaya aka bari,
awaki duk suka shiga gonar mutane.

Buhu ashirin na Tsahare, biyar na ɗanta Bawale,
na ce na'ura ta haɗa, ta ce ɗari biyu da biyar.
Jera su ta yi kafaɗa da kafaɗa,
don na miƙa mata lamba cikin rigar rubutu.
Tsahare ta leƙo ta kan kafaɗata:
“To yaro, ina kuɗin sauran?”

Ita daga sifili take fara ƙirga,
ni daga ɗaya aka koya min a firamare.
Sunan farko ya zame daga jeri,
kuma na Kawu ne, shugaba.
Kwana biyu ina gaisuwa yana duban hanya.

Sai ado.
Na ce hoton buhu ya zauna tsakiya,
ya toge kamar jaki a bakin gada.
Na tura shi dama, ya ture farashi,
na ja shi sama, ya hau kan take.
Kanu ɗaya na so ya zama kore,
shafi duk ya koma kamar fadama,
don suna guda na raɗa wa yara bakwai,
na kira ɗaya, duka suka amsa.

A allona komai tsaf, kamar jeren kwalla.
A wayar Kawu rabin magana ya faɗa waje,
hoton kuma nauyinsa ya fi na buhun kansa,
sai ka hau tudun makaranta, ka ɗaga hannu,
ka jira shi yana saukowa tsalli-tsalli.
Na ce, “Ai a wajena yana yi.”
Ya ce, “Mai sayen a wajenka zai kwana?”

Abin da ya fi ci mini rai, haruffanmu.
Riɗi ya fito ri, ɗan akwati, i.
Ƙwarya ta fashe, ɓawo ya ɓace,
duk mai lanƙwasa an tare shi a ƙofa,
don layi ɗaya na sama da na raina,
wanda ke shaida wa allo yaren gida.

Na kwafo gyaran wani ban karanta ba,
irin kasuwa ne, da ƙuduji a ciki.
Na sa wa abubuwa suna abu, abu biyu, sabon abu,
bayan mako na dawo kamar baƙo a ɗakina.
Daren da na gyara duka, batir ya mutu
kafin in adana.
Na fita na kalli taurari, ban ce komai ba.

Yanzu taku ɗaya nake yi in gwada,
a wayar Tsahare mai tsagaggen gilashi.
In ta karanta ba ta matse ido ba, na wuce.

Shafi ya tsaya. Mako uku shiru, ba kira.
Kawu ya ce ko riɗin ne bai yi ba.
Jiya Bawale ya duba ya yi dariya:
tsoron kuskuren da ya wuce
ya sa na mai da komai lissafi,
har lambar wayar Kawu,
na'ura ta haɗiye sifilin farko.